Wanda Ya Ci Ya Tashi, Gobe Ina Za Shi?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin samarin Kaduna, tun daga teburan masu shayi na Kawo har zuwa majalisun dare na Unguwar Shanu da Badarawa da Tudun Wada, wadda in mutum ya ji ta sau ɗaya sai ya ɗauka hikima ce, in kuwa ya zauna ya ɗora ta a mizanin hankali sai ya tarar guba ce aka lulluɓe da zuma. Maganar ita ce wai caca ba ta talauta kowa, haɗama ce ke talauta ɗan caca. Wai wanda ya san lokacin tashi, ya ci ɗan abin da ya ci, ya kakkaɓe rigarsa ya nufi gida, to, wannan ya sami sana'a. Har an sami masu sayar da wannan dabara ta waya, suna koya wa yara cewa su yanka wa kansu haddi, su ci kashi goma cikin ɗari na jarinsu su rufe, gobe su sake, jibi su sake, har wata ya ƙare su ga sun ninka kuɗinsu sau uku ba tare da gumi ya ɗiga ba.

Abin da ya ƙara wa zancen kaifi shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ran 22 ga Nuwamba 2024, a ƙarar da Jihar Legas da waɗansu jihohi suka shigar tun 2008, inda ta ce sha'anin caca da wasannin sa'a haƙƙin majalisun jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 kuwa iyakarta Abuja. A Kano, inda Hukumar Hisba ta riga ta soma rufe shagunan cacar ƙwallo tun watan Oktoba na shekarar, hukuncin ya ƙara wa masu rufewa ƙarfin gwiwa. A nan Kaduna, inda hukumar tara harajin jiha ce ke yi wa kamfanonin rajista, jama'a sun rabu, waɗansu na cewa a rufe, waɗansu na cewa a bari a karɓi haraji, kuma a tsakaninsu ga mai dabarar tashi yana cewa duk wannan hayaniya ba ta shafe shi ba, shi ya san abin da yake yi. Ba zan fara da hukuncin shari'ar Musulunci ba, domin shi kansa bai musa shi ba. Abin da yakan ce shi ne, Allah ya yafe mana, amma dai akwai riba. Saboda haka a fagen ribar nan tasa zan same shi, mu yi hisabi.

Wanda bai taɓa ganin wurin 'yan karta ba, bari in kwatanta masa ɗaya da na sha wucewa ta gefensa a bayan wata tashar mota. Tabarma ce guda da ta sha jiki, da fitila mai caji a tsakiya, da karta wadda gumin hannu ya sa ta yi laushi kamar tsumma, da mutum biyar ko shida a durƙushe, kowa ya danne kuɗinsa da gwiwa ko da takalmi. Can gefe kuwa ga mai tabarmar, ba ya riƙe karta, ba ya gardama, sai dai duk zagayen da aka gama ya miƙa hannu ya zare kasonsa ya jefa a gwangwani. In wani ya yi ci biyu ko uku a jere ya soma gyara zama kamar mai shirin miƙewa, nan take za ka ji an yi masa ca: “Haba maigida, ci da gudu? Zauna ka ba mu fansa!” Wannan kira na fansa shi ne ya haifi tambayar da ake ta yi, watau yaushe ya kamata wanda ya ci ya tashi, kuma shi ne ya sa ake ganin wanda ya iya toshe kunnensa ya tafi a matsayin gwani.

Na san wani tela a Tudun Wada, yaro mai ladabi da hannu mai kyau a ɗinki, wanda ya zo mini da wannan magana fuskarsa cike da yaƙini. Ya ce, “Kawu, ni fa ba irin waɗancan ba ne. Naira dubu goma nake zuwa da ita, da na ci dubu ɗaya sai in tashi, ko za su zage ni. Yau kwana tara ke nan ban faɗi ba.” Ya ciro ɗan littafin da yake rubuta awon masu ɗinki, ya buɗe bangon baya, ga kwanaki tara a jere, kowanne da alamar ci. Ban ƙaryata shi ba, domin gaskiya ya faɗa, kuma a nan ne tarkon yake: dabarar tana yin aiki a mafi yawan ranaku, kuma ba a ruɗin mutum da abin da bai taɓa yin aiki ba.

To, ga lissafin, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni a hankali, domin duk maƙalar a kansa ta rataya. Mu ƙaddara wasa ne na adalci tsantsa, babu mai tabarma, babu maguɗi, babu wanda ya fi wani iyawa, ci da faɗuwa kunnen doki. Mutum ya zo da naira 10,000, ya yi niyyar ba zai tashi ba sai ya ga 11,000, ko kuwa aljihunsa ya ƙare. Malaman hisabi sun tabbatar da cewa irin wannan mutum zai cim ma burinsa sau goma cikin kowane zama goma sha ɗaya, a zama na goma sha ɗayan kuwa zai tashi hannu rabbana. Sai mu tara: kwana goma na cin dubu ɗaya ɗaya sun ba shi 10,000, kwana ɗaya na faɗuwa ya karɓe 10,000, abin da ya rage sifiri. Dabarar ba ta ƙara masa ko kwabo ba, ba ta kuma rage masa ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta kakkarya cin ta rarraba shi ƙanana a kan kwanaki masu yawa, ta dunƙule asarar ta ajiye masa ita a rana guda wadda bai san ranar zuwanta ba.

Daga nan ne shaidun zur na gaskiya suke fitowa, in har za a iya faɗin haka, watau mutanen da ba su yi ƙarya ba amma shaidarsu ɓata ce. In samari goma sha ɗaya suka gwada dabarar yau, goma za su koma majalisa suna yabonta, na goma sha ɗayan kuwa zai shige ɗaki ya yi shiru, domin wanda aka cinye ba ya shela. Amma in aka bi su har mako guda, kusan rabinsu sun gamu da baƙar ranar. In aka bi mutum ɗari har kwana 30, waɗanda ba su gamu da ita ba ba za su wuce shida ba. Waɗannan shidan su ne ake nunawa a waya, su ne ake kafa hujja da su, alhali kuwa ba su fi sauran casa'in da huɗun wayo ba, layi ne bai zo kansu ba tukuna.

Abin da ya fi ba ni takaici cikin wannan ruɗu shi ne zaton da ake yi cewa tashi yana yanke wasa. Karta ba ta san ka tashi ba. Ba ta san ka je gida ka ci tuwo ka yi barci ka wayi gari ba. Zagayen da ka ƙi bugawa jiya da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, shi ne dai za ka buga yau da ƙarfe takwas, da yiwuwar ci iri ɗaya da yiwuwar faɗuwa iri ɗaya, in ban da cewa ka sa barci a tsakani. Matafiyin da ya tashi daga Kaduna za shi Kano, in ya yada zango a Zariya ya kwana, hanya ba ta ragu da taƙi ɗaya ba saboda kwanansa, gobe daga inda ya tsaya zai ɗora. Matar da ke sayen gero wurin mai awon da mudunsa ya gaza, ko ta auni mudu goma rana ɗaya, ko ta riƙa zuwa kullum tana awon ɗaya ɗaya har kwana goma, tauyewar da aka yi mata ɗaya ce, kuma ba za ta ce ta yi wa mai awo wayo don ta rarraba sayayyarta ba. Tulun da ya huje, ko da safe ka cika shi ko da yamma, muddin akwai ruwa a ciki yoyo yake yi. Haka mutumin da ya rufe ido ya tsallaka titin Ahmadu Bello sau tara lafiya, ya ce dabararsa ita ce ba ya tsallakawa fiye da sau ɗaya a rana: motocin ba su da labarin wannan ƙa'ida tasa. Rayuwar ɗan caca duka zama ɗaya ne mai tsawo, tashin da yake yi a tsakani hutun rabin lokaci ne kawai.

Wannan ba ra'ayina ba ne, ilmi ne da aka yi ƙarni uku da rabi ana tace shi, kuma abin sha'awa, daga tambayar tashi daga caca ya samo asali. A 1654 wani bafaranshe mai son caca da ake kira Chevalier de Méré ya kai wa Blaise Pascal wata mas'ala: mutum biyu sun zuba kuɗi suna wasa, sai wani uzuri ya tashe su kafin a gama, yaya za a raba kuɗin bisa adalci? Pascal ya yi ta musayar wasiƙu da Pierre de Fermat, suka cim ma cewa rabon ya dogara ga abin da ya rage wa kowannensu a gaba, kuma daga waɗannan wasiƙu ne ilmin ƙiyasin yiwuwa ya tsiro. A 1657 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya buga ɗan littafinsa a kan lissafin wasannin sa'a, ya rufe shi da mas'alar da aka san ta yanzu da sunan karyewar ɗan caca, wadda daga gare ta aka fahimci cewa mai ƙaramin aljihu in ya dage da wasa da mai babban aljihu, ko da wasan na adalci ne, shi ne zai riga ƙarewa. A 1713 aka fitar da littafin Jacob Bernoulli, wanda ya nuna cewa yawan maimaitawa yana tilasta wa sakamako ya koma ga gwargwadonsa na asali. Sa'an nan a 1953 Joseph Doob na Amurka ya tattara hujjar da ta rufe ƙofar gaba ɗaya, cewa ga mai iyakantaccen jari babu wata ƙa'idar tsayawa, kowace iri ce, da za ta mai da wasan da babu riba a cikinsa ya zama mai riba. Wanda ke sayar wa yaranmu dabarar tashi a waya, abin da aka tabbatar da rashin yiwuwarsa tun kafin a haife shi yake sayarwa.

Ruɗun yana da fuska biyu, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke sanye da su duka a dare ɗaya. In yana ci sai ya ce sa'a tana hannunsa yau, bai kamata ya tashi ya bar ta ba. In yana faɗuwa sai ya ce ai an daɗe ana cinsa, lokacinsa ya kusa. Ana ba da labarin daren 18 ga Agusta 1913 a gidan cacar Monte Karlo, inda ƙwallon faifan caca ya faɗa a baƙin gurbi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa dole yanzu ya juya, suka yi asarar miliyoyi, domin faifan bai san sau nawa ya yi baƙi ba. Mu ma muna da irin wannan a gidajenmu: matar da ta haifi 'ya'ya mata biyar a jere, sai ka ji ana cewa na shida lalle namiji ne, alhali cikin na shida bai ƙirga na baya ba, abin da Allah ya ƙaddara shi zai zo.

Duk wannan fa a wasan adalci ne, wanda babu shi a ko'ina. Mu koma ga gwangwanin mai tabarma. Mutum biyar, kowa da 10,000, jimla 50,000 a kan tabarma. A ce kowane zagaye ana zuba dubu ɗaya ɗaya, mai tabarma yana zare kashi biyar cikin ɗari, watau naira 250. Bayan zagaye 40, naira 10,000 ta shige gwangwani, jarin mutum guda cur. Bayan zagaye 100, rabin duk kuɗin da aka zo da shi ya koma wurin wanda bai taɓa karta ba. Su biyar ɗin suna ta harare-harare da rantse-rantse a kan wa ya ci wa, ba su lura ba cewa abin da suke faɗa a kansa raguwa yake yi kamar ƙanƙara a rana. Da zarar an sa wannan kaso a lissafin telan nan, ranakun cinsa sun ragu, baƙar ranarsa ta matso, sifirin nan kuwa ya zama asara tabbatacciya wadda ke ƙaruwa da yawan zagayen da ya buga a rayuwarsa, ko a dare ɗaya ya buga su ko a shekara.

Shagunan cacar ƙwallo da suka cika unguwanninmu, waɗanda za ka ga ƙasansu fari fat da yagaggun tikiti kamar an yi ɓarin auduga, gwangwaninsu ya fi na mai tabarma zurfi, sai dai ba a ganinsa. In ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, adalci shi ne wanda ya zuba 100 ya ci a ba shi 200. Kamfani kuwa sai ya ba da misalin 190, goman nan ita ce kasonsa. Yaro ba ya tsayawa a wasa ɗaya, sai ya jera goma a tikiti guda don kuɗin ya kumbura. Yiwuwar wasa goma irin waɗannan su zo masa daidai duka ita ce ɗaya cikin 1,024, amma in sun zo, ninki 613 za a biya shi. Ma'ana, cikin kowace naira 100 da ya miƙa a irin wannan tikiti, kimanin 40 ta riga ta zama ta kamfani tun kafin alƙali ya busa usur. Sa'an nan ya fito yana cewa wasa ɗaya ne ya yanke masa, saura ƙiris. Bai san cewa wannan saura ƙiris ɗin ita ce hajar da ake sayar masa ba.

Adalci ya wajaba in ambaci hujja ɗaya da masu wannan ra'ayi ke da ita mai ɗan nauyi. Akwai wasannin karta da iyawa ke da tasiri a cikinsu, mafi shahara shi ne wanda Turawa ke kira poka, wanda ake gasarsa ta duniya a Las Vegas tun 1970. A can ma ana wannan muhawara, ana kuma ƙyamar mai ci ya gudu kamar yadda ake yi a bayan tasharmu. Amma ƙwararrunsu da kansu sun yi ittifaƙi cewa yawan abin da ka ci zuwa yanzu ba shi ne ma'aunin tashi ba. Ma'aunin shi ne ko ka fi abokan zamanka iyawa, ko kuwa gajiya da fushi sun soma rufe maka ido. Wannan magana in an bi ta zuwa ƙarshenta hujja ce a kan masu dabarar, domin ma'anarta ita ce wanda ya fi iyawa ba shi da dalilin tashi don ya ci, wanda aka fi iyawa kuwa ba shi da dalilin zama tun farko. Kuma ribar kartagi daga ina take fitowa, in ba daga aljihun tela da direba da ɗan dako da ke gefensa ba, bayan mai gida ya ɗebi nasa? Ita iyawar ma ba ta tsare mai ita. Stu Ungar ya lashe babbar gasar nan sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, ana lissafa shi cikin mafi gwanintar waɗanda suka taɓa riƙe karta, miliyoyin daloli sun bi ta hannunsa, amma cacar wasanni da ta dawaki da miyagun ƙwayoyi suka cinye su, aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas a Nuwamba 1998 ba shi da abin kirki.

Akwai kuma abin da alƙalami ba ya kamawa sai an dubi zuciyar ɗan Adam. Haddin da telan nan ya yanka wa kansa yana da rufi a sama, ba shi da daɓe a ƙasa: ya san inda zai tsaya in yana ci, bai taɓa faɗa mini inda zai tsaya in ana cinsa ba. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna a 1979 cewa haka ɗabi'ar mutane take, zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciya, saboda haka mutum yakan yi saurin damƙe ƙaramar riba, amma in ya ga asara sai ya shiga kasada don ya kuɓuta daga gare ta. A 1990 kuma Richard Thaler da Eric Johnson suka bayyana ɗaya gefen, cewa wanda ya riga ya ci yakan ɗauki abin da ya ci kamar ba kuɗinsa ba ne, ya yi ta wasa da shi ba tare da jin ciwo ba. Wannan kalma na ji ta da kunnena ba sau ɗaya ba: “Ai da kuɗinsu nake bugawa.” Dubu biyar da aka ci a karta da dubu biyar da aka samu a ɗinkin kaftani, a wurin mai shinkafa awo ɗaya suke saye, amma zuciya ta raba su, ta mai da ɗaya banza, banza kuwa ba a jin zafin kashe ta.

Don haka ne na fi jin tsoron cin farko a kan faɗuwar farko. Wanda aka cinye ran da ya fara, sau da yawa ya tsira. Wanda ya ci, ya ɗanɗani kuɗin da ba a yi wa wahala ba, ɗinkin yini guda ya soma yi masa kama da wauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin kundin cututtukanta, a sashe ɗaya da sauran jarabobi, kuma cikin alamomin da likitoci ke dubawa akwai komawa don neman fansar abin da aka rasa, da ƙara yawan zubi, da ɓoye wa iyali. A da, tabarma tana da asuba, in ladan ya yi kira ko fitila ta mutu dole a watse. Yanzu tabarmar tana cikin aljihu, a waya, tana bin yaro har makwancinsa, ba ta da asuba, ba ta da ƙofar da za a fita a rufo. To, wanda ke cewa zai tashi, daga ina zai tashi, ya tafi ina?

Malamanmu na fiƙihu sun iso wannan wuri ta wata hanya tun da daɗewa. Maisirin Larabawan jahiliyya da kibau goma ake yinsa a kan naman raƙumi, bakwai masu rabo, uku babu komai, kuma Alƙur'ani ya yi maganarsa a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, inda ya tabbatar da cewa akwai ɗan amfani amma zunubin ya rinjaye shi, sa'an nan ya yanke hukunci a ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, ya ambaci gaba da ƙiyayya da yake haddasawa. Duk wanda ya ga idon mutumin da ake tashi da kuɗinsa a tabarma ya ga tafsirin wannan a fili. Ya kuma tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya gayyaci abokinsa caca, gayyatar kawai, an umurce shi da yin sadaka. Abin da ya shafi mas'alarmu kai tsaye shi ne cewa a wurin malamai abin da aka ci a caca bai zama mallakar wanda ya ci ba, wajibi ne ya mayar wa masu shi in ya san su, in bai san su ba ya fitar da shi ga mabukata. Ashe tambayar yaushe zan tashi da abin da na ci ba ta da gurbi a nan, tun da abin da ke gabansa haƙƙin waɗanda ke zaune da shi ne. Maƙwabtanmu Kirista kuwa, waɗanda 'ya'yansu ke cika shagunan nan kafaɗa da kafaɗa da namu, lissafin da na kawo bai tambayi addinin kowa ba.

Game da hukuma, ina da magana kaɗan. Tun da kotu ta danƙa wa jihohi wannan al'amari, babu sauran fakewa da Abuja. Na lura an fi jin motsin jami'ai a kan shagon da bai yi rajista ba, ko bai biya haraji ba, a kan shagon da yaro ɗan shekara goma sha huɗu ke tsaye a gaban kantarsa da kayan makaranta a jikinsa, alhali ƙa'idar kamfanonin da kansu ta ce sai ɗan shekara 18. Harajin da aka karɓa daga kuɗin cefanen da bai isa gida ba, ban ga yadda za a kira shi kuɗin shiga ba. In majalisar jiha ba za ta rufe ba, to, mafi ƙarancin abin da ke kanta shi ne ta nisanta shagunan daga makarantu, ta hukunta mai karɓar kuɗin yara, ta tilasta a rubuta da Hausa a ƙofar kowane shago nawa ne kason kamfani cikin kowace naira ɗari, ta kuma hana masu tallar dabarun ci yaudarar jama'a. Malaman lissafi na sakandare su ma suna da rabonsu, domin darasin ƙiyasin yiwuwa yana cikin manhaja, kuma da za a koyar da shi da tikitin caca na gaske a hannu, da yara da yawa sun gane tun kafin a cinye su.

Telan nan ya gamu da ranarsa a kwana na goma sha uku. Bai tsaya a dubu goman ba, ya koma shago ya ɗauko kuɗin yadin wani mai ɗinki don ya fanso, ya bi da kuɗin haya, kafin wata ya ƙare keken ɗinkinsa yana hannun wanda ya ba shi rance. Da ya zo gaishe ni bayan haka, kansa a sunkuye, ya ce, “Kawu, kuskurena ɗaya, ban tashi da wuri ba ran nan.” Na ce masa, ɗana, ka tashi da wuri sau goma sha biyu, kuma kowane tashi shi ne ya mai da kai washegari. Yanzu yana ɗinki a shagon wani, ana biyansa bisa kowace riga, yana tara abin da zai karɓo kekensa.

Kai kuma da ka ci jiya, kake karanta wannan da kuɗin a aljihunka kana lissafin ƙarfe nawa za ka koma, ina roƙonka ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka zuba da duk abin da ka karɓa tun daga ranar da ka fara, kada ka tsallake ranar da kake jin kunyar tunawa, ka tara su. In ka san waɗanda ka ci, mayar musu da abinsu, ka goge manhajar cacar daga wayarka, kuma yau da dare kada ka bi ta wannan layin.